Za mu kai zomaye gasa a Ohayo: me ake shiryawa, me ake zubawa a mota?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke nan Amurka, amma na gida ma kada ku yi shiru. 'Yata tana cikin ƙungiyar yara ta 4-H a nan jihar Ohayo, kiwon zomo ta zaɓa. Yanzu an sa ranar gasar nunin zomaye a filin baje kolin wata ƙaramar hukuma, bisa dokokin ARBA, wato ƙungiyar masu kiwon zomo ta Amurka. Ranar Asabar ce, saura sati uku. Tafiyar awa biyu ce a mota, ga shi watan Yuli ne, zafi ya kankama. Zomayenmu uku: farar mace irin da ake kira New Zealand mai wata bakwai, namiji irinta mai shekara ɗaya, da wani ɗan Holland Lop da muka saya kwanan nan. Ni a bayan ɗaki na san zomo, da harawa da dusa. Ban taɓa ganin an ɗora shi kan tebur alƙali yana jujjuya shi ba. Daga ina ake farawa?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da sa'a. Ki ƙara musu abinci cikin satin nan uku su yi ɓul-ɓul. Ana gobe tafiya ki yi musu wanka da sabulu su fito fes, don farin zomo in ya yi datti ba ya kyan gani.

Alhaji Indiyana: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa ka yi haƙuri, shawarwarin nan biyu kowacce za ta iya jawo mata asara. Ba a yi wa zomo wanka. Gashinsa hawa biyu ne, akwai na sama akwai lallausa na ƙasa, in ya jiƙe sai ya daɗe bai bushe ba, sanyi ya kama shi. Ga firgicin da zai shiga yana shure-shure, har ya kan kai ga karya ƙashin bayansa. Ko ya tsira daga wannan, sabulu ya riga ya kwashe sheƙin gashin, alƙali yana shafawa zai gane.

Batun ƙiba kuwa, kowane irin zomo akwai nauyin da aka ƙayyade masa a littafin ma'aunin ARBA, wanda ake sabuntawa duk shekara biyar. Babbar macen New Zealand laba 10 zuwa 12 ake so, wato kilo 4.5 zuwa 5.4. Namiji laba 9 zuwa 11. Holland Lop kada ya wuce laba 4, kusan kilo 1.8 ke nan. Sikeli yana nan kusa da alƙali, wanda ya wuce an fitar da shi komai kyansa. Kuma abin da hannun alƙali ke lalube tsoka ce mai ƙwari a gadon baya da cinyoyi, ba kitse ba. Saboda haka Hajiya kada ki sauya abincin da suka saba, kada ki ƙara. Ki nemi sikeli ki riƙa auna su duk sati, ki rubuta.

Baban Khalifa: To Alhaji, mu nan Kano in za mu kai kasuwa mai ƙiba ne ke yin kuɗi. Amma na ji. Dattin fa? Farin zomo ƙafafunsa sai su yi rawaya da fitsari.

Alhaji Indiyana: Maganin wannan a keji yake, ba a baho ba. A goge wayar ƙasan kejin tun yanzu, a kwashe gashin da ya maƙale a jiki, don shi ke riƙe fitsari. Wurin da ya riga ya yi rawaya a shafa masa ruwan binega da aka sirka da ruwa a tsumma, a barbaɗa garin sitacin masara, in ya bushe a taje shi ya fita tas. Ina jaddada tas ɗin nan. In alƙali ya hura gashin ya ga gari ya tashi, zai ɗauka an yi kwalliyar yaudara ne. Rina gashi, tsige wanda launinsa ya saɓa, datse shi da almakashi, duk suna sa a kori zomo daga gasar.

Maman Hanifa: Na gode Alhaji. A takardar shiga akwai wurin aji. Macen ban san inda zan sa ta ba, tunda ranar gasar tana dab da cika wata takwas.

Alhaji Indiyana: Manyan zomaye irin New Zealand da Californian da Flemish Giant aji shida ake raba su: 'yan ƙasa da wata shida, matsakaita daga wata shida zuwa takwas, manya daga takwas zuwa sama, kowanne maza daban mata daban. Ƙanana irin Holland Lop aji huɗu ne, babu matsakaita. Taki in ba ta cika takwas ba ranar, matsakaiciya ce, muddin ba ta wuce laba 11 ba. In ta wuce, an yarda ki ɗaga ta zuwa ajin manya. Abin da ba a yarda ba shi ne mayar da babba ajin ƙanana. Sannan ki kifar da kowanne ki tabbatar da jinsinsa da idonki. Mutane da yawa sun rubuta mace, alƙali ya duba ya ga namiji, kuɗin shiga ya tafi a banza.

Tambaya ta gaba ita ce: suna da lamba a kunnen hagu?

Maman Hanifa: Manyan biyun suna da ita, da ita muka same su. Ƙaramin ba shi da komai.

Alhaji Indiyana: To ba zai hau tebur ba sai da ita. Lambar dindindin ce ta tawada a cikin kunnen hagu, kuma dole ta karantu. Kunnen dama an bar shi ne don lambar rajista. Ki haska na manyan da tocila ki gani ko ta dushe, ki kuma tabbata abin da ke kunnen shi ne abin da kika rubuta a takarda, harafi da harafi. Na ƙaramin a yi shi cikin satin nan domin ya warke. Shugabar ƙungiyar su Hanifa ba za ta rasa abin yin lambar ba, ko ta san mai yi.

Ɗan Maraɗi: Ni nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. Huda kunnen dabba a zuba tawada don kawai gasa, anya ba azabtarwa ba ce? Akwai malamai a zauren nan, a taimaka mana.

Anti Bilki Ingila: Mu nan ba a huda kunne. Hukumar zomaye ta Birtaniya zobe take sayarwa mai lamba, a zura shi a ƙafar baya tun zomon yana ɗan sati takwas zuwa goma, in ya girma ba ya fita. Amma shi ma da aikinsa, sai kana dubawa kada gashi da datti su taru a ƙarƙashinsa ya matse ƙafar.

Malam Na Tudun Wada: Ɗan Maraɗi, tambayarka a kan hanya take. Abin da ya tabbata a hadisin Jabir da Muslim ya rawaito shi ne hani ga dukan dabba a fuska da yi mata shaida a fuska. Amma sanya wa dabba alama a wani wurin don a gane ta, wannan an yi shi. Anas ya ba da labarin ya tarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a garke yana yi wa tumaki shaida, mai ruwayar ya ce yana zaton a kunnuwa ne. Don haka malamai suka halatta alama in akwai buƙata, da sharaɗin a guji fuska, a kuma zaɓi hanya mafi sauƙin ciwo. Lambar da za ta hana zomon wani ya cakuɗe da na wani buƙata ce. A ba wanda ya iya ya yi, kada yarinya ta koya a kansa. Allah ne mafi sani.

Ɗan Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, na gamsu da hukuncin. Amma har yanzu ina ganin wahalar da za a ba dabbar ta fi ƙyallen kyautar cin gasa da za a ba yarinyar.

Maman Hanifa: Ɗan'uwa, ba don ƙyallen muke yi ba. Yarinyar nan tunda ta fara kiwon take tashi da asuba ta ba su ruwa kafin makaranta, tana rubuta nauyinsu da abin da suka ci. A wurin gasa alƙali zai faɗi da bakinsa inda zomon ya yi kyau da inda ya gaza, a rubuta mata a kati. Da wannan za ta san wanda za ta bari ya yi barbara da wanda za a yanka. Ba ni da wanda zai koya mata wannan a gida.

Likita Samaru: Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma akwai abin da ya fi sikeli da lamba girma wanda ba a taɓo ba. Hajiya, an yi wa zomayen nan allurar rigakafin cutar zubar jini ta zomaye, wadda ake kira RHDV2?

Maman Hanifa: Manyan biyun an yi musu a farkon bazara, sau biyu. Ƙaramin ban sani ba, wanda ya sayar mana bai ce komai ba.

Likita Samaru: To ki ɗauka ba a yi ba. Bari in yi bayani don kowa ya amfana, saboda cutar ta shafe mu a nan gida ma. Asalinta an fara ganinta a Sin a 1984, sabon nau'in kuma, wato RHDV2 ɗin, ya ɓulla a Faransa a 2010. A Amurka, a jiharku ta Ohayo aka fara samun sabon nau'in a zomon gida a 2018, sannan a 2020 ya ɓarke a kudu maso yamma har cikin zomayen daji. A shekarar 2020 ɗin ne kuma aka tabbatar da shi a Najeriya, a Kwara da Oyo, masu kiwo suka yi asara mai yawa. Hanta yake kamawa. Sau da yawa ba za ka ga alamar komai ba, da safe ka tarar da zomo a mace, wani da ɗan jini a hanci. Ba shi da magani. Ƙwayar cutar tana yin watanni a jikin keji, takalmi, tufafi da ciyawa, ƙuda ma yana ɗaukarta. Wurin gasa kuwa ɗaruruwan zomaye ne daga gidaje daban-daban, alƙali ɗaya yana taɓa su da hannu ɗaya a kan tebur ɗaya.

Allurar da ake amfani da ita a can, ta kamfanin Medgene, sau biyu ake yi, tsakaninsu kwana 21, kuma sai bayan sati biyu da ta biyun kariyar take cika. Kwana 35 ke nan. Ke sati uku gare ki. Ra'ayina ƙaramin ya zauna a gida.

Baban Khalifa: Likita, ai ba a ce dole sai da allurar ba. In dokar wurin ba ta hana ba, don me za a karya wa yarinya gwiwa? Shi ne ma ɗan kyakkyawan da take so, na tabbata. A sa masa Amoxicillin a ruwa kwana uku kafin tafiya, in sha Allahu ba abin da zai same shi. Haka muke yi wa kaji.

Likita Samaru: Baban Khalifa, don Allah ka janye wannan, kada wani ya karanta ya aikata. Amoxicillin ta baki tana kashe zomo. Haka Ampicillin, Lincomycin da Clindamycin. Cikin zomo da ƙwayoyin halitta masu amfani yake narkar da ciyawa, waɗannan magungunan su suke fara kashewa, sai mugayen su yi yawa, gudawa ta biyo baya, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Zomo ba kaza ba ne. Kuma ko da ba ta da illa, ba ta taɓa ƙwayar bairos, ita kuwa cutar da nake magana bairos ce. Tunda an zo nan in ƙara ɗaya: maganin ƙuma na karnuka mai suna Frontline guba ne ga zomo, kada a ɗiga masa.

Batun karya gwiwa, ka auna da kyau. In ya ɗauko cutar ba shi kaɗai zai tafi ba, zai iya kai ta gidan duk wanda yarinyar ta ziyarta a ƙungiyarsu. Gasa ba ta ƙarewa a can, kusan kowane ƙarshen mako akwai wata a wani gari.

Baban Khalifa: Na janye maganar maganin, Allah ya saka da alheri. Amma a kan barinsa gida ina nan kan bakana, in lafiyarsa ƙalau ni da zan tafi da shi.

Alhaji Indiyana: Gaskiya ne yawancin gasa ba sa tilasta allurar, kuma da yawa suna zuwa ba tare da ita ba. Ni dai ba na kai wanda ba a yi wa ba. Akwai wani dalilin ma: sabon zomo ne, bai gama sabawa da gidan ba, za a huda masa kunne, sannan a sa shi a mota cikin zafin Yuli. Abin ya yi masa yawa. Hajiya ki kuma karanta takardar sanarwar gasar tun daga farko har ƙarshe, kowacce da nata sharuɗɗan. In wata rana za ku tsallaka wata jiha, ki bincika ko ana neman takardar lafiya daga likita.

Yanzu kayan tafiya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Gasar kwana ɗaya ba a ba ka keji, zomonka a cikin akwatin da ka kawo shi zai wuni. Ki sayi akwatin waya irin na zomaye, mai ɗaki-ɗaki, ƙasansa waya, ƙarƙashin wayar akwai faranti da ba ya yoyo. Ba a shiga zauren da wanda fitsari zai zuba a ƙasa. Na roba irin na kyanwa yana riƙe zafi, kuma zomon zai zauna cikin fitsarinsa, farin da kika sha wahala a kai ya lalace kafin ku isa. A farantin ki zuba dusar katako ko ƙunzugun da ake shimfiɗa wa 'yan kwikwiyo, amma ban da dusar itacen sida mai ƙamshin nan, tana damun numfashinsu. Kowane zomo ɗakinsa daban, da shamaki mai rufe tsakaninsu. Namiji yana fesa fitsari, kuma ta waya suna iya cizon juna. Tun yanzu ki riƙa sa su a akwatin na ɗan lokaci kowace rana su saba.

Ruwa ki ɗebo na gida a jarka. Zomo in ya ji ɗanɗanon ruwa ya sauya sai ya ƙi sha, wanda bai sha ba kuma ba ya ci. Kofunan da ake maƙalawa a jikin waya, biyu ga kowanne. In da gora mai bututu suka saba sha, ki koya musu kofin kafin ranar, ko ki tafi da gorar. Abincinsu na kullum, da busasshiyar ciyawa mai yawa. Ciyawar nan ta fi komai muhimmanci a hanya, ko sun ƙi abinci za su ɗan taɓa ta, cikin ya ci gaba da aiki.

Na gyara: abin yanke farce, garin tsayar da jini ko sitaci, ɗan buroshi, gorar fesa ruwa, tsumma, ɗan yankin kafet da za a ɗora zomon a kai kada ya zame, da ƙaramin tebur mai naɗewa in akwai. Gyaran safiyar gasa ba wani abu ba ne, ki jiƙa tafin hannu kaɗan ki shafa daga kai zuwa wutsiya, mataccen gashi ya biyo hannun. Hanifa ta sa riga mai dogon hannu da zanen da ake ɗaurawa a gaba don kare tufafi, ƙafar bayan New Zealand tana yaga fata. Ku ɗauki kujeru masu naɗewa da ɗan keken jan kaya, don daga wurin ajiye mota zuwa zaure akwai nisa, zomaye biyun nan da akwatinsu sun haura kilo goma. Biro, alƙalamin tawada mai kauri, takardun asalin zomayen, kwafin takardar shiga, da tsabar kuɗi ƙanana, ba kowane mai tebur ke karɓar kati ba.

Hajiya Zango: Alhaji ya gama da zomaye, bari in yi ta mutane. Ƙanwata, ki dafa abincinku ki tafi da shi. Abin da ake sayarwa a filayen nan galibi akwai naman alade a ciki ko an soya a mai ɗaya. Ki ɗauki darduma da buta, azahar za ta same ku a can, wataƙila har la'asar, don ba a san lokacin da za a kira irin zomonku ba. Wani lokaci gasa biyu ake yi a rana ɗaya da alƙalai daban, in kin biya duka biyun sai ki kasa kunne sau biyu. Ku isa da sassafe ku kama wuri kusa da ƙofa inda iska ke shiga, nesa da lasifika. Ki kuma gaya wa Hanifa in ta sa zomonta a ɗan ɗakin da ke kan teburin alƙali ta ja baya ta yi shiru, ba a nuna wa alƙali wane ne naka. In ya gama ajin za ta iya yi masa tambaya, suna son yaran da ke tambaya.

Maman Hanifa: Allah ya saka Yaya, wallahi abincin bai zo mini a rai ba. Farcen fa, yaushe ake yankewa?

Likita Samaru: Kamar sati ɗaya kafin ranar, ba da safiyar ba. Na farin zomo da sauƙi, za ki ga jan jijiyar ta cikin farcen, ki yanke gaba da ita kaɗan. Ki ƙirga su: biyar a kowace ƙafar gaba har da ɗan ƙaramin na gefe, huɗu a kowace ta baya. In ɗaya ya cire gaba ɗaya, alƙali zai fitar da shi. Ranar da za ki yanke ki yi musu duban da shi zai yi. Haƙoran sama su hau kan na ƙasa. Hanci a bushe, ki duba cikin ƙafafun gaba, in gashin wurin ya dunƙule to yana goge majina ne. Cikin kunne ba ɓawon ƙazuwa. Tafin ƙafar baya ba gyambo. Ki shafa ciki da haɓa ko akwai ƙurji. Namijin 'ya'yan marainansa biyu su bayyana. Wanda kika ga yana atishawa da farar majina, ko da safiyar tafiya ce, ya zauna. Ba don alƙali kaɗai ba, don zomayen mutane.

Sai zafi, wanda shi na fi ji muku tsoro a Yuli. Zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunnuwa yake fitar da zafi, kuma daga digiri 30 na ma'aunin Salsiyus zuwa sama yana shiga wahala. Ki daskarar da manyan gorunan ruwa tun kwana biyu kafin tafiya, ki zuba su a kula, ki riƙa sa ɗaya a gefen kowane zomo kina sauyawa. A cikin mota a kujerar baya za su zauna inda sanyin na'ura ke kaiwa, ba a but ba, ba kuma inda rana ke duka ta gilashi ba. Kada a bar su a motar da aka kashe ko na minti biyar. In kin ga yana haki, hanci da baki sun jiƙe, ya ɗaga kai sama, ki fitar da shi inuwa, ki shafa wa kunnuwan ruwa mai sanyi-sanyi, ba na ƙanƙara ba, ki sa fanka. Zomo ta hanci kaɗai yake numfashi, in ya buɗe baki yana neman iska abin ya yi nisa, likita za a nema nan take. Ki samo lambar asibitin dabbobi mafi kusa da filin tun kafin ku tashi.

Ɗan Shika: Likita, tambayar Hajiya ta zo mini daidai. Ƙungiyarmu na son kai zomaye baje kolin noma na ƙasa da ake yi a hanyar Abuja zuwa Keffi. Namu ba alƙalin da zai ƙirga farce, nuni ne da ciniki, amma kwanaki za a yi, kuma daga Zariya a motar haya za mu tafi. Ba na'urar sanyi, ba akwatin waya na kanti.

Likita Samaru: Naku ya fi nata haɗari. Kada a sa zomo a buhu ko kwali, kada a ɗaure shi a saman mota. Mai walda zai haɗa muku akwatin waya mai ɗakuna da faranti a ƙasa, ba shi da wuya. Ku ɗauki shatar mota in da hali, ku tashi bayan sallar asuba ku isa kafin rana ta take. Ku rufa jiƙaƙƙen buhun algarara a saman akwatin, gefe a buɗe iska na ratsawa. Harawa da dusar da suka saba ku ɗebo daga gida wadda za ta isa duk kwanakin, kada ku yanko ciyawar bakin hanya da ba ku san abin da aka fesa mata ba. Ku bar masu ciki da masu shayarwa a gida. A wurin kuma jama'a za su yi ta miƙa hannu, ku sa igiya tsakaninsu da kejin. Kuma a daina ɗaga zomo ta kunne, a tallafi ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan a ƙarƙashin ƙugu.

Ɗan Shika: Wanda bai sayu ba fa? Mu dawo da shi cikin sauran?

Likita Samaru: A'a. Wannan amsar taku ce kai da Hajiya. Duk zomon da ya je taro, ko wanda aka sayo a can, kwana 30 zai yi shi kaɗai, nesa da sauran, da kwanonsa daban. Na gida ake fara ba abinci, waɗanda suka dawo su ne na ƙarshe, sannan a wanke hannu. Tufafin da aka je da su a wanke, takalmin kada ya shiga wurin kiwo. Akwatin a kankare kashin da gashin tukuna, sannan a jiƙa shi da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma na ruwa, a bar shi minti goma, a ɗauraye a shanya a rana. Wurin keɓewar nan a shirya shi kafin a tafi, don in an dawo da dare a gajiye ba wanda zai tsaya haɗa keji.

Maman Hanifa: Mun zauna da Hanifa da babanta. Ta yi kuka kaɗan, amma ta yarda ƙaramin ya zauna, an ba mu ranar Talata a fara masa allurar, lambar kunnen kuma sai bayan ta biyun. Manyan biyun za su je. Na auna macen yau, laba 10 da ɗan ɗori, don haka matsakaiciya na rubuta. Abin da ya rage mini shi ne wurin keɓewar. Kejinansu duka a rumfar bayan gida suke, wuri ɗaya da ƙaramin. In sa waɗanda suka dawo a gareji?

Alhaji Indiyana: Gareji a watan Yuli da Agusta ya fi waje zafi, ga hayaƙin mota. In gidanku yana da ɗakin ƙasa, ki sauko da ƙaramin can tun ranar Juma'a, shi ɗaya ne kuma kejinsa ba nauyi, manyan su koma rumfarsu da suka saba. Hanifa ta riƙa fara sauka wurinsa da safe kafin ta fita wurinsu, kuma ki ajiye mata silifas daban a bakin matattakalar.